Stratos ɗina ta yumɓu: littafin aiki

6 Janairu 2024

Yau na share teburin da ke lungun gareji, na kuma kafa wa kaina doka cewa duk abin da na yi a aikin nan sai na rubuta shi, don na san halina, nan da wata uku zan manta dalilin da ya sa na yanke wani wuri in zo ina zagin kaina a banza.

Aikin dai shi ne Lancia Stratos, amma ta yau. Kafin wani ya tambaye ni ina na samo kuɗin inji, ba mota zan ƙera ba, samfuri ne na yumɓu, ɗaya bisa biyar na girman mota, irin wanda masu zanen motoci suke fara yi kafin a je ga babba. In yumɓun ya yi kyau sai in zuba shi da faiba in yi masa fenti.

Ga wanda bai san ta ba, motar Italiya ce, Marcello Gandini ya zana ta a kamfanin Bertone, an nuna ta a bajekolin Turin a 1971, kuma ita ta ci wa Lancia gasar tseren motoci ta duniya da ake kira rali sau uku a jere, 1974, 1975, 1976. Injin Ferrari Dino ne a bayan kujerunta, V6 mai lita 2.4, ƙarfin doki 190 a wadda ake sayar wa mutane. Gaba ɗaya ba a ƙera 500 cif ba. Amma ni ba kofunan ne suka kama ni ba, gajartarta ce. Tsawonta 3,710 mm, faɗi 1,750, tsayi 1,110, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya kuwa 2,180 kacal. In ka raba da biyar, tazarar ta zama 436 mm. Na ja layi biyu a takarda da wannan awon na tsaya ina kallo, wallahi kamar abin wasan yara.

Dokoki uku na sa: ta lantarki ce, mutum biyu za su zauna da hular kwano a kansu, sannan ba zan taɓa tazarar tayoyin nan ba ko da milimita ɗaya. Kuɗin da na ware na raba shi uku, kaso ɗaya yumɓu da kayan sassaƙa, ɗaya mazubi da faiba, ɗaya fenti da abin da ba a rasa ba.

13 Janairu

Zane kusan talatin a satin nan, biyu kawai na ajiye. Sauran duk tsohuwar Stratos ce aka sa wa manyan tayoyi da siririyar fitila, kamar tsoho ya saka kayan jikansa. Hannuna ya haddace motar fiye da kima, da na ɗora fensir shi ke tafiya da kansa.

21 Janairu

Doka ta uku ta karye tun ba a je ko'ina ba.

Na yanka ɗan mutum na kwali, mai tsayin 180 cm a gaske, wato 36 cm a nan, na sa masa ƙusa a gwiwa da ƙugu da gwiwar hannu yadda zai lanƙwashe, na ɗora masa hular kwano ta kwali. Sai na fara neman inda batir zai zauna. Yawancin motocin lantarki na yanzu a ƙasa suke shimfiɗa batirin kamar katifa, mutum ya zauna a kai. Na gwada haka, ɗan kwalina ya ɗaga sama da kusan tafin hannu a awon gaske, rufin ya bi shi, kafin ka ce me motar ta koma wata aba mai doro. Motar da tsayinta bai kai ƙirjin mutum ba ba ta da wurin da za ta ɓoye wannan kaurin. Na yage takardar.

Hanya ta biyu ita ce a tara batirin a bayan kujeru, inda injin yake a da. Ba sabon abu ba ne, Tesla Roadster ta farko ta 2008 haka aka yi mata, batirinta kuwa wajen kilo 450 ne. Nan ne hankalina ya ɗan tashi, don ita Stratos ɗungurungum kilo 980 ce, ka ga batirin can shi kaɗai ya kusa rabinta. A lissafina in na haƙura da ƙaramin batir, kWh 45, zai zo wajen kilo 280, ba zai yi doguwar tafiya ba amma ai ita ma ta asalin ba don zuwa gaishe da dangi aka yi ta ba. To akwatin batirin da injin lantarkin da ke juya tayoyin baya sun ƙi shiga tsakanin bayan kujera da aksul, na matsa, na juya akwatin a tsaye, na tura ɗan kwali gaba har ƙafarsa ta shige cikin tayar gaba, ina! Ƙarshe na ƙara 120 mm, tazarar ta koma 2,300. A samfurin 24 mm ne kawai amma na ji shi kamar an cire min haƙori.

Sabon awo: tsawo 780 mm, faɗi 370, tsayi 230, tazara 460. Daga nan kam ba ƙari.

27 Janairu

Na yanka falankin ƙasa, na huda wurin aksul biyu, na ja layin tsakiya, na zana murabba'ai na 20 mm a gefe don awo. Ba wani labari.

3 Fabrairu

Ƙashin cikin soso ne mai tauri, irin wanda ake sawa a bango don tare zafi, ana jera shi a manna a sassaƙe ya zama ya gaza siffar motar da kamar 20 mm ta ko'ina, yumɓu ya cike sauran. Na ɗauko gam ɗin da ke hannuna na shafa ba tare da na karanta jikin gwangwanin ba, na tafi na dawo na tarar ya cinye soson ya yi rami kamar gara ta shiga. Gam mai ƙarfin warin nan narkar da irin wannan soson yake. Falle biyu sun tafi. Farin gam na kafinta ya yi aikin, sai dai kwana ɗaya yake so kafin ya kama.

10 Fabrairu

Yumɓu ya iso, kilo 20. Sunan yumɓu kawai ya ci, ba ƙasa ba ce kuma ba ya bushewa, haɗi ne na kaki da mai da wani gari, in ya ji zafi wajen digiri 60 ya yi laushi kamar man kaɗanya, in ya huce ya yi tauri yadda za ka kankare shi kamar sabulu. Na samu wata tsohuwar ƙaramar tanda ta lantarki na keɓe masa, don yana da wani wari kamar an ƙyasta ashana, na kuma ce a raina warin ne kawai matsalarsa.

Shafin farko siriri ake yi, a danna shi da ƙarfi ya shige cikin soson, in ba haka ba daga baya ya ɓanɓaro. Sannan a riƙa ɗorawa da babban yatsa, ana ja ana dannewa kada iska ta maƙale a ciki. Yatsuna biyu sun tashi, don na ciro wani curi da ya daɗe kusa da ƙarfen tandar, wajensa lafiya cikinsa kamar dalma. Gefen hagu kawai nake yi, na kafa madubi a kan layin tsakiya, in ka sunkuya ka kalla sai ka ga mota cikakkiya. Kilo 8 ya hau.

17 Fabrairu

Kankara da fatan na kwali, irin na tela, guda tara daga hanci zuwa wutsiya. A satin nan Lancia ta fito da sabuwar Ypsilon, da fitilun baya masu zagaye da suka ce daga Stratos suka ɗauko, kamar yadda suka yi a motar nunin Pu+Ra HPE bara. Ba laifi, sun yi kyau, amma ni dai ban ga Stratos a wurin ba, da'ira biyu na gani.

25 Fabrairu

Akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin bodi, yanzu ya ajiye guduma, na daɗe ina roƙonsa ya zo ya duba min. Yau ya zo. Bai ko kalli zanen da na manna a bango ba, ya rufe ido ya bi gefen motar da tafin hannu tun daga gaba har baya, sau biyu, ya ce, "Yaro, motarka tana da tumbi."

Na ce, "Baba, ai fatan ɗin ya zauna daidai a ko'ina, ga shi ka gani."

Ya ce fatan wuri tara ya auna, tsakaninsu fa wa ya auna? Ya sa na kashe fitilar sama, na kawo doguwar fitila guda ɗaya muka riƙe ta a gefe, ya ɗauki siririn ƙarfen da nake shafe yumɓu da shi ya lanƙwasa shi a jikin ƙofa. Sai ga shi, tsakanin fatan na huɗu da na biyar ƙarfen yana lilo a kan wani tudu, hasken ma da ya zo wurin sai ya karye ya yi ƙasa. Sati biyu ina kallon wurin nan ban gani ba. Na san kuma daga ina tumbin ya zo, ƙofar Stratos tana da wani babban aljihu a ciki da aka yi musamman don ajiye hular kwano, ni kuma na nace sai na bar wannan a tawa, shi ne na riƙa ƙara wa ƙofar ƙiba ba tare da na lura ba. Muka kankare kusan 4 mm. Aljihun yana nan, kawai ya koma ciki inda ya kamata.

Kafin ya tafi ya ce tayoyin da na buga a firinta ta 3D, mai fitar da siffar abu da roba, sun yi girma, motar kamar ta ari takalmin wanta. Na zauna na yi lissafi da dare. Ta asali mai hawa titi rim 14 ne da taya 205/70, duka tsayin tayar ya kama 643 mm. Rim 18 da taya 235/40 ya kama 645. Kusan abu ɗaya! Ashe ba sai na ƙara girman tayar ba kafin ta yi kama da ta zamani, ƙarfen ne ya girma robar ta sirance. Ni kuwa rim 20 na buga don haka na saba gani a motocin nuni. An koma 18, wato 129 mm a samfuri, motar ta zauna.

2 Maris

Rigimar fitilar gaba. Ta asali fitilunta a ɓoye suke, sai an kunna su ɗago kamar idon kwaɗo, kuma rabin kyan hancin nan daga nan yake, fili ne sumul ba abin da ya tsaga shi. Irin waɗannan fitilun sun ƙare tun wajen 2004, Corvette C5 da Lotus Esprit na cikin na ƙarshe, dokokin kare mai tafiya a ƙasa sun sa yin su ya zama wahala. Tunda na ce motar yau nake yi, ba zan yi ha'inci in mayar da su ba.

Na koma na kalli yadda waɗanda suka riga ni suka yi. A 2005 an nuna Fenomenon Stratos a Janiba, sannan a 2010 kamfanin Pininfarina ya ƙera New Stratos wa wani attajirin Jamus, Michael Stoschek, a kan Ferrari F430 Scuderia da aka rage wa tazarar taya 20 cm. Ferrari ba ta yarda a yi ta da yawa ba a lokacin, sai a 2018 kamfanin Manifattura Automobili Torino ya ce zai yi guda 25. Abin da ya burge ni a wannan ba fuskarta ba ce, yankan nan ne. Mutum ya samu Ferrari lafiyayya ya datse ta don ya san in ba gajarta ba Stratos. Tasu ta tsaya a 2,400, tawa 2,300, na ɗan ji sanyi a raina.

Fitilar dai na yi ta siririn tsagi a can ƙasan gefen hanci, na gwada da baƙin salatef wuri huɗu kafin na tsaga. Saman bonet ya zauna fili.

9 Maris

Gilashin gaba, wanda shi ne motar gaba ɗaya in ka tambaye ni. Yana zagayowa ne ya haɗe da na gefe kamar gilashin hular kwano, in wannan bai fito ba to an yi aikin banza.

Na haɗa akwatin katako mai ƙananan huji a sama, na jona masa injin shara mai zuƙa, na yi firam da zai riƙe fallen roba mai haske, PETG mai kaurin 1 mm. Ana gasa robar har ta saki ta yi ciki, a kifa ta a kan siffar gilashin, a kunna injin ya tsotse iskar ta manne. Siffar kuma na buga ta a firinta da wata roba da ake kira PLA, awa 14 tana bugawa. Abin da ban tsaya na yi tunani ba, PLA tun daga digiri 60 yake fara laushi, ni kuma na kifa masa robar da ta haura 140. Daƙiƙa biyar na farko abin gwanin sha'awa, har na fara murmushi, sai na ga saman yana lotsawa a hankali kamar an zauna a kan hula. Robar ta kama shi gam, da ƙyar na raba su da almakashi. Siffa ta tafi, falle ɗaya ya tafi, saura uku.

14 Maris

Jiya Gandini ya rasu, yana da shekara 85. Ban taɓa yumɓu ba yau.

Na zauna ina kallon hotunan Stratos Zero, wadda ya fara yi a 1970 kafin wannan, tsayinta 84 cm, ba ta da ƙofa a gefe, gilashin gaban ake ɗagawa a shiga. Mutumin da ya zana wa Lamborghini motocin Miura da Countach kenan. Abin da ya tsaya min a rai shi ne 2021, sanda Lamborghini ta dawo da Countach a sabuwar siga, LPI 800-4, guda 112, ya fito fili ya nesanta kansa da ita, don shi a ganinsa maimaita abin da ya wuce ba aikinsa ba ne. To ni fa me nake yi a gareji wata biyu? Na kalli abin da ke kan teburina na tambayi kaina in da zai gani me zai ce, kuma gaskiya ina jin ba zai ce komai ba, wucewa zai yi.

Amma ban yarda duk dawo da tsohuwar mota kwaikwayo ba ne. Alpine A110 ta 2017 tana nan, kilo 1,100 da 'yan kai, bodin alminiyom, ƙaramin inji mai lita 1.8, sun dawo da rashin nauyin ne kafin su dawo da fitilu huɗun da ta asalin take da su. Da wannan tunanin na tashi na cire fitilun baya masu zagaye da na riga na manna, na cire ɗan fiffiken da ke kan rufi shi ma, don na san don a gane ta na sa su, ba don motar ta nema ba. In gajarta da gilashi ba su isa a gane ta ba, laifina ne.

23 Maris

Gilashi ya fito, a gwaji na uku. Siffar filasta na zuba wannan karon. Gwaji na biyu ya yi hazo da ƙananan ƙuraje saboda filastar ba ta gama bushewa ba, zafi ya taso da danshin, kuma ko da ya yi kyau ma da ba zai ciru ba, tunda gilashin ya zagayo ya rungume siffar ta baya. Na bar ta kwana biyar a wuri mai ɗumi, na yanka ta gida uku yadda zan zare na tsakiya sauran su faɗo. Na fesa masa baƙi mai shara-shara ta ciki. Da na ɗora shi a kan yumɓun na ja da baya, karo na farko kenan da na ga mota ba curi ba. Falle ɗaya ya rage.

30 Maris

Cire madubi, cika gefen dama. Awo daga layin tsakiya, maki 60 da wani abu, ɗaya bayan ɗaya. Aiki mai gundura. Yumɓu kilo 17 ya hau gaba ɗaya.

7 Afrilu

Ban so rubuta wannan ba amma doka doka ce.

Jiya na shafa silikon a kan motar don in ɗauki mazubi. Mai tsadan na saya, wanda ake haɗawa da filatinom, don an ce shi ba ya ƙanƙancewa kuma yana ɗaukar ko zanen yatsa. Na auna kashi biyun daidai, na gauraya, na shafa da buroshi shafi uku, na rufe gareji na tafi ina jin kaina. Takardar ta ce awa shida. Da safe na taɓa bayan, ya yi tauri lafiya lau, na kama gefe na ɗaga, sai na ji ya taho da sauƙin da bai kamata ba. Cikin, wato duk inda ya taɓa yumɓun, bai kama ba sam, yana nan kamar majina, yana zare-zare tsakanin mazubin da motar.

Warin ashanan nan da na raina tun Fabrairu, farar wuta ce a cikin yumɓun. Ita kuma farar wuta kashe filatinom take, silikon ɗin ba zai taɓa kamawa a jikinta ba ko shekara zai yi. A rubuce yake a takardar da ta zo da shi, layi na uku, na karanta shi yau da rana bayan aikin gama ya gama. Da na ɗiga cokali ɗaya a kan guntun yumɓu na bar shi ya kwana, da duk wannan bai faru ba, guntaye kuwa ga su nan cike da bokiti.

Asarar silikon kilo 3 ce, kusan duk kason mazubi. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ci min rai fuskar motar, sati shida na shafa da kankara, yanzu ko'ina danƙo, ya shiga tsagin fitila, ya shiga layin ƙofa. Na kira Baba na faɗa masa, ya yi shiru ya ce, "To, ka taɓa ta da wani abu?" Na ce a'a. Ya ce kar in sa mata fetur ko tina, za su narkar da kakin, in bi ta da ƙarfe a hankali in ɗauke danƙon tare da ɗan siririn yumɓu, gara in rasa rabin milimita da in rasa siffar.

9 Afrilu

Kankara. Rufi da bonet sun fita.

13 Afrilu

Kankara har yanzu. Garin cire danƙo a tsagin fitilar hagu na ɓalle bakinsa, garin gyaran gira. Na cike da sabon yumɓu na sake tsagawa, awa uku. Abin mamaki gefen baya ya fi kyau yanzu fiye da kafin ɓarnar, rabin milimitar da ya tafi ta fito da kaifin kafaɗar.

21 Afrilu

Mazubi na biyu. Na ciri kuɗi daga kason fenti na sayi silikon mai kuza, shi bai damu da farar wuta sosai ba, kuma duk da haka na fesa wa motar siririn shafin fenti mai haske sau biyu ya shiga tsakani. Gwaji uku na yi a kan guntaye, kowanne ya kwana, duka suka kama. Sannan na shafa. Na yi masa rigar filasta gida uku a waje don ya riƙe siffa, da 'yan ƙulli a bakin kowane gida yadda za su koma mazauninsu. Daren nan sau biyu na tashi na je na taɓa.

Ya fita tsaf. Har wani ɗan zanen farcena da ke ƙasan bamba ya ɗauko.

28 Afrilu

Zubin faiba. Jelkot, wato shafin farko da zai zama fatar bodin, shafi ɗaya, na jira ya yi ɗan danƙo, sannan tabarmar faiba falle biyu, rezin da hadna, abin da ke daskarar da shi, kashi 2 cikin ɗari, takunkumi da safar hannu, ƙofa a buɗe. Kwanon farko na haɗa da yawa, ya yi zafi ya daskare a hannuna kafin in kai rabi, daga nan na koma haɗa kaɗan-kaɗan. Bodin ya fito da ramukan iska guda bakwai, biyar a kaifin hanci inda tabarmar ta ƙi lanƙwasa. Fila za ta rufe su. Nauyinsa bai kai kilo 2 ba, bayan wata uku ina jan kilo 17 da falanki, na ɗaga shi da hannu ɗaya ina dariya ni kaɗai.

5 Mayu

Fila, samfefa 240, firaima, samfefa 400, firaima kuma. Toka-tokar firaimar ba ta da kunya, duk abin da yumɓu ya rufa min asiri ta tona. Kafaɗar dama ta fi ta hagu tudu da kusan milimita ɗaya da rabi, sannan layin da ya taso daga tayar gaba ya zo ƙarƙashin gilashi yana da ɗan karaya a daidai inda na ƙara 24 mm ɗin nan tun Janairu. Wato tazarar da na ƙara ba ta yafe min ba har yau. Baba ya zo ya shafa, ya ce kafaɗar a gyara, karayar kuma in bar ta in ga ko fenti zai haɗiye ta, in bai haɗiye ba ai samfefa ba ta ƙare a duniya ba.

Na ajiye bodin a ƙasa na kira wani abokina da ya san motoci amma bai san me nake yi ba, babu fitilar zagaye, babu fiffike, babu tambari. Ya zagaya ta sau ɗaya ya durƙusa ta gaba ya ce, "Kai, wannan ba jikar Stratos ba ce?" Ban nuna masa komai a fuska ba.

Lissafi zuwa yau: kason yumɓu ya ƙare, saura kilo 3 a hannu. Kason mazubi ya haura da kusan rabi saboda silikon ɗin da ya lalace. Kason fenti saura kashi 60 cikin ɗari, don haka ba zan yi kala uku irin na Stratos ɗin tsere mai tambarin kamfanin jiragen sama na Alitalia ba, fari da kore da ja, wanda dama ina shakkarsa don shi ma wata hanyar roƙon a gane ta ce. Kala ɗaya zan yi. Awannin da na rubuta 190 da ɗoriya, ban da waɗanda na zauna ina kallo kawai.

Sati mai zuwa: gyaran kafaɗar dama, samfefa 800 da ruwa, yanke wurin gilashi a bodin, wanda nake tsoro don falle ɗaya ya rage min in na yi kuskure. Rim huɗu za a sake bugawa, na yanzu ƙafafunsu sun yi kauri. Cikin motar ban fara ba, kujeru biyu da sitiyari da aljihun hular nan a ƙofa, kuma sai na sake yanka ɗan kwali don na farkon ya jiƙe da rezin ƙafarsa ɗaya ta cire.